Jan Baki a Gonar Sabitu

Duk wanda ya zauna Dutsin-Ma a farkon shekarun tamanin ya san Malam Gidiyon, ko bai san sunansa ba ya san kekensa. Malamin gona ne, mutumin kudancin Zariya, dogo, marar yawan magana. Aiki ne ya kawo shi garin shi da matarsa Salomi, 'yarsu Mabel kuwa tana makarantar kwana a can gida. Ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi su ne rabonsa, shi ke zagaya su yana duba shuka, yana nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani.

Sai dai ba da wannan aka fi saninsa ba. Kullum akwai wani tsohon madubin hangen nesa rataye a wuyansa, a aljihun rigarsa kuma ɗan littafi mai baƙin bango. Ranar ɗaya ga Janairu yake buɗe sabon shafi. Duk tsuntsun da ya fara gani a shekarar sai ya rubuta sunansa, da ranar, da wurin. Ya kuma kafa wa kansa doka: wanda ya hango daga cikin mota ba ya shiga littafi, sai wanda ya taka keke ya je ya gani. In ya wuce majalisa, akan ce ga malamin tsuntsaye can zai je ƙirga dukiyar da ba tasa ba. Yana ji, yakan wuce abinsa.

Bazara ce lokacinsa. Sa'ad da zafi ke korar mutane zuwa inuwa, ruwa ya janye ya bar 'yan tafkuna nan da can, duk mai fiffike dole ya zo ya sha. Zalɓe, dinya, kirinjijiya, da wasu baƙi da ke yada zango kwana biyu su wuce arewa, duk a lokacin yake samunsu, kafin shamuwa ta iso da labarin damina.

Akwai wani wuri da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan ƙauyen Wurma, tafiyar kamar awa guda ta hanyar shanu, akwai wata fadama da duwatsu suka kewaye, sai an saɓa keke a kafaɗa an haura kafin a gan ta. A nan ya tarar da gauraka biyu, miji da mata. Tun farin da aka yi a shekarar saba'in da uku mutanen yankin suka daina ganin gauraka, har an ɗauka sun ƙaura ke nan. Shekara huɗu yana zuwa musu duk bazara. Yakan baro gida da sanyin safiya, ya kwanta rubda-ciki a kan dutse, ya kalli namijin yana tsalle yana buɗe fukafukai yana rusuna wa matar, tukkun kansu yana walƙiya kamar an tsoma shi a ruwan zinariya. In ya rubuta su a littafi, ba ya sa sunan wurin, ɗigo uku kawai yake yi.

A bazarar tamanin da ɗaya sarƙar kekensa ta tsinke a bakin Wurma. Wani mutum gajere mai fara'a ya fito daga gida da guduma da ƙusa ya haɗa masa ita, ya kuma sa matarsa Huseina ta dama masa fura. Sabitu ke nan, manomi, mai kama kanari da rani yana kaiwa kasuwa. Ashe ya san tsuntsaye kamar yunwar cikinsa. Yakan kwaikwayi kukan suda har suda ta amsa. Shi ya gaya wa Gidiyon sunayen wasu da bai san yadda Hausawa ke kiransu ba, irin su tsanwaka da zalaidu. A duk zamansa na ƙasar, wannan ne karo na farko da Gidiyon ya sami wanda zai yi hirar tsuntsu da shi ba a yi masa kallon taɓaɓɓe ba.

Wata rana Sabitu ya ce, “Malam, abin da ni ka kewa shi ne gauraka. Ina yaro, kukanta ke tashe mu. Yanzu ko a mafarki.”

Gidiyon ya juya maganar a ransa. Can ya ce, “In na nuna maka wani abu, za ka riƙe mini amana?”

“Haba Malam! Wallahi ba mai ji daga bakina.”

Washegari Gidiyon ya goya shi a keke har gindin duwatsun. Da Sabitu ya ɗora madubin a idonsa, sai da ya yi salati. Ya daɗe yana kallo, bai ce uffan ba. Gidiyon ya ji daɗi har cikin ransa, ya ɗauka shirun nan irin nasa ne.

Bayan kwana tara ya koma shi kaɗai. Ba gauraka. A bakin ruwa ya ga an kafa 'yan turaku, an zarga musu igiyoyin tarko. Laka duk ta tumurmushe, ga gashi baƙi da fari a warwatse, ga jini ya bushe a kan ciyawa.

Bai san yadda ya iso Wurma ba. Ya tarar da Sabitu a ƙofar gida yana saƙa keji, ya tashi da murna yana yi masa maraba.

“Ina gaurakin?”

“Af, ai da ma ina nemanka. Namijin shina Dutsin-Ma, gidan Alhaji Mahmuda ɗan kwangila, kusa da kai ma ya koma. Matar ce ba ta yi haƙuri ba, ta yi ta fizga har ƙafa ta karye, dole na yanka ta kada ta tafi a banza.” Ya shiga zaure ya fito da wani abu a tafin hannu. “Ga tukkun kanta na aje maka, ka liƙa cikin littafi.”

Gidiyon ya dubi abin, ya dubi mutumin. Ya ce, “Ka rantse mini, Sabitu.”

“Na ce ba mai ji daga bakina, wa ya ji? Ni kaɗai na je. Malam, kai hwa kallo kake, kallo kuwa ba ya cika rumbu.”

Gidiyon ya kai ƙara wurin Mai'unguwa Yero, dattijon da ke riƙe da unguwar su Sabitu. Yero ya saurare shi da kyau, sannan ya tambaya ko tsuntsayen nasa ne, ko ya saye su, ko ya yi musu shaida. Da ya ce a'a, sai dattijon ya yi murmushi ya ce, “To Malam, a yi haƙuri. Baƙo raɓa ne, gobe za a ɗauke ka a kai wani gari. Kada ka ɓata da mutane a kan naman daji.” Waɗanda ke zaune suka yi dariya. Dariyar nan ta bi shi har gida.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da ya huce. To amma gidan Alhaji Mahmuda yana kan hanyarsa ta fita gari. Kowace safiya sai ya ji kukan namijin daga bayan katanga, kuka biyu-biyu mai kauri, irin wanda yake kiran matar da shi. Rannan ƙofa na buɗe, ya leƙa ya gan shi tsaye cikin kaji da agwagi, an datse masa fiffike ɗaya, tukkun ya yi duƙun-duƙun. Salomi ta ce ya sake hanya mana. Ya ƙi. Ya fi so ya riƙa ji, kada abin ya yi sanyi.

Ya ci gaba da zuwa Wurma aiki. Yana gaisawa da Sabitu, har ya sha furarsa sau biyu. Sabitu ya ɗauka magana ta wuce.

Damina ta yi kyau a shekarar. Aka girbe gero, ya rage maiwa da dawa a tsaye. Sabitu kuwa maiwa ya zuba a gonarsa ta bakin rafi gaba ɗaya, ta yi kai manya-manya har masu wucewa na tsayawa su yi masa barka.

A ƙarshen Satumba Gidiyon ya haura fadamar nan, don bai daina zuwa ba ko da babu abin da zai gani. Da la'asar sakaliya ya ji wata ƙara daga gabas kamar ruwa na tahowa. Ya ɗaga kai, sai ga wani abu kamar hayaƙi yana murɗawa yana warwarewa a sama. Jan baki ne, 'yan tsuntsayen nan masu cin hatsi, dubbai a kan dubbai, suna zuba cikin dogayen ciyayin bakin ruwa har ciyayin na kwantawa. Sun sami wurin kwana. Ya san halinsu sarai. Yanzu ƙwayar ciyawa suke ci, in ta ƙare nan da kwana biyar ko shida za su faɗa wa gonaki mafi kusa, daidai lokacin da maiwa ke nono. Gonaki mafi kusa kuwa na Wurma ne. Ya ciro littafi ya rubuta su, su ne na ɗari da arba'in da uku a shekarar. Ya zauna a kan dutsen har rana ta yi ja, yana tunani.

Kwana biyu bayan haka suka haɗu da Sabitu a kasuwar Kurfi, wajen masu igiya. Sabitu ya ja shi gefe.

“Alhamdu lillahi da na gan ka. Tsuntsun nan na Alhaji ya ƙi cin abinci, wai sai an samo mashi mata. An ce akwai su can wajen Haɗeja. Gobe ni ka tafiya, mako biyu. Abin da ke damuna maiwata. Kai ke yawon daji, ka ga alamar jan baki bana?”

Gidiyon ya dubi igiyoyin da ke hannun Sabitu, sababbi, irin waɗanda ya gani a bakin ruwa. Da a ce wata tafiya ce daban, ko jana'iza ko biki, shi kansa bai san abin da zai ce ba. Muryarsa ta fito sumul.

“Ban ga ko ɗaya ba. Bana sun yi gabas. Tafi abinka.”

“Madalla. In kai ka faɗa, hankalina ya kwanta.”

Sai da ya tabbatar motar Sabitu ta tashi, sannan ya hau keke ya nufi Wurma. Gona-gona ya bi, gida-gida. Ya ce jan baki na nan tafe, kowa ya kafa rumfar tsaro a tsakiyar gonarsa, a ja igiyoyi a rataya gwangwanaye, a tanadi majajjawa, a fito da iyali tun hudowar rana. Wanda dawarsa ta ƙosa ya yanke ta yau. Bai taɓa yin aikinsa da himma irin ta ranar ba. Ya san abin da su ba su lura da shi ba: in an kore tsuntsu daga gona tara, ta goman da ba kowa ita zai tarar wa.

Mai'unguwa Yero ya yi masa godiya, sannan ya ce, “Sabitu fa? Ga shi ya yi tafiya. Ko a tura a dawo da shi?”

“Ai mun haɗu a Kurfi kafin ya tashi, mun yi maganar,” in ji Gidiyon.

“To, ya san abin da ya taka ke nan.”

Ranar Talata jan baki suka sauka. Gidiyon na kan wani dutse da ke kallon rafin tun da sassafe, kekensa jingine a ƙasa. Garin ya ɗauki ihu da ƙarar gwangwani ta ko'ina. Garken ya zo ya yi shawagi a kan gonar Yero, aka yi masa ca, ya tashi. Ya gwada ta kusa da ita, duwatsun majajjawa suka tarye shi. Ya karkata, ya yi kwana, sai ya zube a kan maiwar Sabitu kamar an shimfiɗa bargo.

Gidiyon ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, irin wanda rabonsa da shi tun bazara. Ya gyara zama, ya murɗa madubin. Yana ganin kawunan maiwar suna sunkuyawa, tsuntsu goma a kan kowane, ƙaiƙayi na zuba kamar yayyafi.

Can sai ga mace ta fito daga cikin gari a guje, da kwano da muciya a hannu. Huseina ce. Ta faɗa gonar tana bugawa tana ihu. In ta kore su daga gabas su sauka yamma, in ta ruga yamma su koma inda ta baro. Ta yi kiran maƙwabta, kowa na fama da tasa. Wajen hantsi muryarta ta dushe, sai ƙarar kwanon kaɗai. Ya ga ta yi tuntuɓe da kunyar gona ta faɗi, ta tashi, ɗankwalinta ya maƙale a kara ba ta ko waiwaye shi ba. Ita ce ta dama masa fura ranar da sarƙarsa ta tsinke. Ya sauke madubin daga idonsa, ya riƙe shi a cinya. Daga inda yake zuwa gonar bai fi tafiyar minti goma ba, kuma mutum biyu sun fi ɗaya. Ya tuna tukkun nan a tafin hannun Sabitu. Ya mai da madubin idonsa, bai sauka ba.

Kwana uku ya yi yana zuwa. A rana ta uku Huseina ba ta buga komai ba, zama ta yi a bakin gona ta haɗa kai da gwiwa. Kawunan maiwar sun koma fari fat, sai zangarniya ba ƙwaya tsaye a kan kara.

Salomi ta ji labarin ɓarnar a wurin masu kawo itace. Da ya dawo ta ajiye masa tuwo, ta tsaya a kansa.

“Baban Mabel, an ce gona ɗaya ce tak aka cinye a Wurma. Ta mutumin nan.”

“Haka ne.”

“Ka sani kafin su zo?”

Ya wanke hannu, ya gutsuri tuwo. “Na sani.”

“Shi ya yi maka laifi. Matar fa, me ta ci maka? Me za ta ci har wata damina? Ranar Lahadi da wane baki za ka yi addu'a?”

“Da ya zauna gida ya tsare gonarsa, da ba abin da ya same ta. Tarko ya tafi kafawa.”

“Kai ka ce ya tafi.”

Ya cinye tuwonsa tas. Tun daga ranar Salomi ta daina tambayarsa abin da ya gani a hanya in ya dawo.

Sabitu ya dawo hannu rabbana, bai kamo komai ba, ya tarar da kara. Da aka zauna gaban Yero, aka haɗa abin da Gidiyon ya faɗa a Kurfi da abin da ya faɗa a Wurma, magana ta fito fili. Yero ya aika masa cewa sun gode da ceton gonakinsu, amma kada ya ƙara taka unguwarsu, wanda ya iya wannan ba a san abin da zai iya gobe ba. Gidiyon ya nemi a musanya masa da ƙauyukan wajen Dabawa, aka musanya.

Sai a watan Disamba suka sake haɗuwa da Sabitu, a tashar Kurfi. Gidiyon ya tsaya ba tayarsa iska, sai ya ga mutum a gabansa da ƙunshin kaya da tabarma a naɗe. Sabitu ya rame, fara'ar nan duk ta tafi. Ya kai Huseina gidan iyayenta a Barkiya, shi kuma zai bi babbar mota zuwa kudu cin rani, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi aure.

“Malam,” ya ce, “tambaya ɗaya. Don tsuntsu biyu ka kashe mani gida?”

Gidiyon ya miƙe tsaye, famfo a hannu. “Ni ban taɓa maka ko zangarniya ɗaya ba.”

“Ka dube ni ido cikin ido ka ce ba ka gan su ba!”

“Na faɗa. In an koma yau, haka zan sake faɗa.”

Sabitu ya yar da kayansa. Kafin kowa ya ankara ya fizge madubin daga wuyan Gidiyon har igiyar ta tsinke, ya maka shi a jikin motar, ya sake makawa, gilasai suka tarwatse a ƙasa. Mutane suka taru suka rirriƙe shi. Wani ya ce a kira ɗan sanda, wannan ai ma'aikacin gwamnati ne.

“Ku sake shi,” in ji Gidiyon. Wuyansa na zafi inda igiyar ta yanke shi. “Kada motar ta tafi ta bar shi. Dako na jiransa a kudu, ba na so ya makara.”

Aka tura Sabitu ya hau bayan motar yana haki, yana Allah ya isa, har ta fita tasha ana jin muryarsa. Gidiyon ya durƙusa ya tsince abin da ya rage na madubin ya zuba a jaka, ya ƙarasa ba tayar iska, ya ɗaure famfo. Mutane na ta yi masa sannu, wasu na tambayar me ya haɗa su. Ya hau keke ya kama hanyar Dutsin-Ma, yana taka feda a hankali, yana laluben zuciyarsa ko zai ji ta sauko. Har ya shiga gari bai ji ba.